Abin da Motar Darla Za Ta Iya Ja

Litinin, 9 ga Satumba, bakwai na safe

Na jawo tsohuwar tirelarmu ta tafi-da-gidanka, ɗakin kwana mai taya da ake ja da mota, daga bayan rumbu. Rabonta da kwalta tun Darla tana sakandare, zamanin da muke janta zuwa bakin tafki mu kwana muna ciyar da sauro. Da na buɗe ƙofa ɓeraye suka tsaya suna kallona kamar ni ne na shigo ba sallama. Na ba su haƙuri, na ce mai ɗaki ta dawo, su nemi wani wuri.

Darla ce ke so. 'Yata ke nan, ita kaɗai Allah ya ba mu. Ta iso ranar Juma'a da jaka ɗaya, hannun hagu a cikin filasta. Ta haura talatin, amma da ta sauko daga mota sai na ga kamar an rage mata tsawo. Uwarta, Marlys, ta ja ta ɗaki suka rufe ƙofa. Ni kuma aka miƙo mini kofi a baranda. Ban tambaya ba.

Iyakar abin da aka ga ya dace in sani: mijin nata, wanda ba zan ɓata tawada da sunansa ba, yana hannun hukuma har tsakiyar Oktoba. Kafin ya fito tana so ta yi nisa, da ɗakinta maƙale a bayan motarta, ba sai ta rubuta sunanta a takardar hayar kowa ba. Ba shawarata aka nema ba, sifanata aka nema. Gara haka. Sifanar ta fi ni karatu.

Talata, 10 ga Satumba, ɗaya na rana

Na taka kusa da banɗaki, ƙafata ta dama ta wuce har gwiwa. Katakon ƙasan ya koma jiƙaƙƙen burodi. Ruwa ba ya ɓarna a inda ya shiga, sai ya yi 'yar tafiya tukuna, saboda haka na hau rufi neman ƙofarsa. Na same ta a gefen tagar sama, inda ƙaron liƙi ya tsattsage kamar diddigen manomi.

Marlys ta leƙo ta tagar kicin.

"Vern, in ka faɗo daga nan ba zan iya ɗaga ka ba. Fure zan shuka a wurin."

"Ki shuka albasa, ko kya yi mini kuka."

Ta rufe taga. Na ji kamar Darla ta yi dariya a ciki. Ko kuma tari ne.

Alhamis, 12 ga Satumba, biyar na yamma

Yini guda a durƙushe a kan rufi. Dole a kankare tsohon ƙaro tas, a wanke, a bari ya bushe, don sabo ba ya kama kan tsoho. Gwiwoyina sun ce za su kai ni ƙara.

Darla ta kawo mini ruwa, ta tsaya a gindin tsani.

"Baba, ba sai ta yi kyau ba. Ta yi tafiya kawai."

Na ce to. To ɗin kawai na ce.

Asabar, 14 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Na ɗaga ta a jak na cire tayoyi. Boris ya bushe ƙayau, giris ɗin ciki ya zama kamar tsohon sabulu. Wannan ne ajalin tirela a hanya: boris ya yi zafi, ya ci kansa, sai ka ga tayarka ta wuce ka a guje kana kallo. Ina cikin cusa sabon giris da tafin hannu sai ga Arvid, abokina tun muna satar tuffa a lambun fasto. Shi ke kula da sikelin ma'ajiyar hatsi ta garinmu.

"Vern, gawa kake wa wanka?"

"Kai ma kullum matarka sai ta tayar da kai, wa ya yi magana?"

"Ina za ka da ita?"

"Farautar barewa."

"Kai? Tunda nake ban ga ka harbi komai ba sai allon bakin hanya, shi ma ka kuskure."

Ya hango motar Darla a inuwa. Ya dube ta, ya dube ni, ya tsuguna ya riƙe mini taya. Bai ƙara cewa uffan ba. Arvid yana da wannan baiwar. Ni ranar da ake rabonta ina can ina ba wasu labari.

Lahadi, 15 ga Satumba, uku na rana

Wata mota ta yi ɓatan kai ta juya a ƙofar gidanmu. Faranti ya fashe a kicin. Ban tambaya ba.

Talata, 17 ga Satumba, huɗu na yamma

Na tuna filastar nan ba za ta fita kafin tafiya ba. Don haka yau na cusa hannuna na hagu a cikin bel, na gwada komai da hannu ɗaya kamar yadda za ta yi. Ɗaura tirela a ƙugiyar mota, maƙala sarƙoƙi, sauke matakala, buɗe tukunyar gas. Abin ɗaga hancin tirelar na wainawa ne, da hannu ɗaya sai ka ce ruwa kake ja daga rijiyar da ba ta da ƙarshe. Na cire shi na sa mai aiki da batir, danna maɓalli kawai. Makunnin gas ya gagare ni, na haɗa da haƙori, na ƙarasa da zagi. Na yi masa mariƙi mai tsawo.

Wando ya nemi tona mini asiri a tsakar gida. Darla tana zaune a baranda.

"Baba, wane irin wasa ne wannan?"

"Koyon zama ɗan fashin teku nake. Saura in rufe ido ɗaya."

Ta daɗe tana kallon hannun da ke cikin bel ɗin. Sannan ta tashi ta shiga gida. Wasan bai yi armashi ba.

Alhamis, 19 ga Satumba, shida na yamma

Sabon katako ya shiga ƙasa. Da na tsaya a kansa sai na ga bai dace 'yata ta taka leda ba. Akwai ragowar tayil na gaske da aka yi kicin ɗin coci da shi, fasto ya ce in kwashe. Na shimfiɗa. Da tayil ya zauna sai kabad ɗin kwali suka ba ni kunya, na hauro da na katakon gaske daga ɗakin ƙasa, na kakar Darla. Ƙofar kuwa gwangwani ce, da cokali ma sai a ɓalle ta. Na lulluɓe ta da farantin ƙarfe ta ciki, na sa sakata biyu irin ta rumbu.

"Baba, ya isa haka."

"Ai ban fara ba."

"Hanya zan bi, ba yaƙi zan je ba."

Na ce mata ƙofar saboda beyar ce, ƙaton naman dajin nan mai farata. Beyar sun yi yawa yanzu, har cikin gari suna shiga. Ta taɓa sakatar, ta ja, ta mayar.

"Haka ne," in ji ta.

Asabar, 21 ga Satumba, goma na safe

Na je shagon kofi kamar kowace Asabar, teburinmu na tsofaffi. Niyyata in sha in tashi. Amma aka ce, "Vern, ba mu labari," ni kuwa ba a yi mini wannan roƙon sau biyu. Na miƙe, na cusa hannu a bel, na nuna musu yadda na yi kokawa da tukunyar gas. Har mai shagon sai da ta riƙe ciki. Wani ya ce to ina za a da wannan fada mai taya? Na ce, "Ni dai in ni ne ita, sai inda dusar ƙanƙara ba ta san hanya ba."

In ni ne ita.

Sai na ga kowa yana kallon wani wuri. A bayana, kusa da taga, Lowell ne zaune, kawun mijin Darla, yana juya cokali a kofi.

Labarin ya riga ni isa gida. Na tarar da Marlys a ƙofa da tawul a kafaɗa.

"Sun yi dariya?"

"Marlys, ki tsaya ki ji."

"A'a, tambaya nake. Sun yi dariya sosai? Don in san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu."

Lahadi, 22 ga Satumba, ɗaya na rana

An ci abinci. Cokula sun sha hira.

Litinin, 23 ga Satumba, sha ɗaya na safe

Wata mata ta kira Darla daga ofishin kotu. Ta ɗauki wayar a tsaye, ta gama a zaune. Sakin mijin ba tsakiyar Oktoba ba ne kuma. Talatar makon gobe ce, ɗaya ga wata. Ko wuri ne ya yi musu kaɗan, ko halin kirki ya nuna musu, ban riƙe wanne ba. Ya iya nuna halin kirki. Ni ma ya nuna mini.

Na fita na ƙara matse kusoshin tayar da na riga na matse.

Talata, 24 ga Satumba, bakwai na yamma

Na yi waldar akwatin ƙarfe a gindin tirela. Janareta ya shiga, da manyan batura. Na ƙara tankin ruwa ƙarƙashin gado, shi ma a baya. Arvid ya aiko da naman barewa, sai na cusa ƙaramin firji mai daskarewa a lungun da ya rage. Duk abin da mutum zai buƙata don kada ya tsaya inda za a ga fuskarsa.

Dinyoyi sun fara wucewa kudu a sararin sama, layi-layi. Su ba sa ɗaukar kaya.

Laraba, 25 ga Satumba, biyu na rana

Gwaji. Muka ɗaura tirela a 'yar jif ɗin Darla, ita a sitiyari, ni a gefe. Miƙaƙƙiyar hanya, gonakin alkama an gama girbe su, ba kowa. Da farko lafiya lau, har ina yaba wa kaina a zuci.

Sai wata babbar motar hatsi ta taho ta wuce mu. Iskarta ta bugi tirela. Ta kaɗa gindi hagu, ta dawo dama, ta koma hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya. A madubi na ga gefen tirelar gaba ɗaya, abin da bai kamata madubi ya nuna maka ba. Jif ta fara bin rawar.

"Kada ki taka birki. Ɗaga ƙafa kawai. Riƙe sitiyari a miƙe."

"Da wane hannun, Baba?"

Na miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari na matse birkin tirela shi kaɗai. Ta ja mu baya, ta miƙe. Muka gangara cikin ciyawa muka tsaya. Injin yana ta 'yar ƙararsa kamar ba abin da ya faru.

Darla ba ta saki sitiyarin ba.

"Da ni kaɗai ce fa?"

Na laluba aljihun barkwancina. Wayam.

Laraba, huɗu na yamma

Muka lallaɓa zuwa ma'ajiyar hatsi. Arvid ya tsayar da layin motocin manoma ya ce mu hau sikeli. Ya duba allonsa, ya cire gilashi ya goge, ya sake dubawa.

"Vern, me ka zuba a ciki? Cocin gaba ɗaya?"

"Kicin ɗin kawai."

"Ta fi ƙarfin motar yarinyar nan da nauyin bijimi guda. Zo ka ga wani abu."

Ya kwance ƙugiya, ya sa hannu biyu a hancin tirela, ya ɗaga. Ta taso.

"Tsoho irina bai kamata ya iya wannan ba. Ka loda mata a gindi, hanci ya yi sama. Tirelar da ba ta da nauyi a hanci ba ta bin mota, motar ce ke binta."

Na san wannan. Na sha gaya wa mutane a shagon kofi, har da kwatance da kofuna.

A hanyar gida na ce ta ɗauki a-kori-kurata, ita za ta ja. Ta ce, "Mai giya ce, Baba. In sa giya da dama, wa zai riƙe sitiyari?" Wannan kam ban gwada da hannu a bel ba.

Alhamis, 26 ga Satumba, biyar na yamma

Abin da na sa, shi nake cirewa. Akwatin ƙarfe ya sauka, da janareta, da tankin ruwa. Naman barewa ya koma firjinmu, za mu ci shi har bikin Ista. Kabad ɗin kaka sun koma ɗakin ƙasa, na kwali sun dawo suna yi mini murmushi. Batir ɗaya na bari, na dawo da shi gaba, kan hanci.

Tayil ya fi ba ni wahala. Na yi aikin da kyau ƙwarai. Sau ɗaya a rayuwata na yi abu da kyau, ga shi ina fasa shi da guduma.

Da rana Marlys ta fito da safar hannu da bokiti, ta fara kwashe fasassun ba tare da ta dube ni ba. Can ta ce, "Ɗaga ƙafarka, injiniya." Ina jin an yafe mini rabi.

Juma'a, 27 ga Satumba, uku na rana

Saura ƙofa. Na tsaya a gabanta da sukudireba na rasa ta inda zan fara. Duk sauran kayan na jin daɗi ne. Wannan ba na jin daɗi ba ne.

Darla ta zo ta tsaya a bayana.

"Cire ƙarfen, Baba."

"Ba shi da wani nauyi."

"Kai da Arvid kuka ɗauko shi, kuna nishi."

"Arvid ne ke nishi."

"Cire. Bar mini sakata ɗaya. In beyar ya iso har ƙofa, ai ƙarfe ba zai yi komai ba. Kada ya san ƙofar, shi ne maganar."

Na cire. Leda ta koma ƙasa. Tirela ta dawo kamar yadda na same ta, sai dai ba ɓeraye, ba rami, kuma rufi sabo.

Asabar, 28 ga Satumba, sha biyu na rana

Ban je shagon kofi ba. Mun sake hawa sikeli, Arvid ya gwada ɗaga hanci, ya kasa, ya riƙe ƙugu yana zagina. Sannan muka bi hanyar nan. Manyan motoci suka yi ta wuce mu, tirela tana biye kamar ɗan maraƙi bayan uwarsa.

Da muka dawo Darla ta kashe mota ba ta fita ba.

"Baba, ba zan gaya maka inda za ni ba."

"Ai ban tambaya ba."

"Na sani. Rashin tambayarka har cikin ɗaki ana jin sa."

Na ce mata bakina zai iya rufuwa in ta kama.

"Ba za ka faɗa da gangan ba. Amma wata rana wani zai ce, Vern, ba mu labari." Ta juyo ta dube ni. "Gobe zan tashi, lokacin coci, gari duk yana ciki. Kai ka tafi, ka zauna a gaba, ka tsaya shan kofi bayan an tashi. Ka riƙe su. Ka ba su dariya har su manta da agogo."

"Wato an samo wa bakin nawa aikin yi."

"An samo."

Ban ce komai game da mararrabar bakin gari ba. In ina coci ba zan ga ko hagu ta yi ko dama ba. Ita ma ta san da haka. Ba daga wurina ta gaji wannan kan ba.

Lahadi, 29 ga Satumba, biyu na rana

Da safe na auna iskar tayoyi, na gwada fitilu. Na ce duk inda ta tsaya ta taɓa cibiyar taya. Ɗumi ba komai. In ta yi zafin da hannu ba zai zauna ba, kada ta ci gaba. Ta ce ta ji. Na sake faɗa. Ta ce ta ji, Baba. Ta rungume ni da hannu ɗaya. Sai da na shiga mota na lura ni ma da ɗaya na rungume ta. Sabo.

A coci na yi waƙa har fasto ya waiwayo. Wajen kofi aka tambayi iyali, na ce Darla tana kwance da ciwon kai, uwar tana jinya. Sannan na ba su labarin yadda na yi tayil na fasa tayil a mako guda. Na yi muryar Arvid, na yi ta Marlys, na yi ta ɓeraye. Lowell ma ya yi dariya, har ya ƙara kofi. Tunda nake ban taɓa yin wasa mai kyau irin na yau ba, kuma ban ji ɗanɗanon ko kalma ɗaya ba.

Na dawo na tarar da filin da tirela ta tsaya, ciyawarsa a kwance. Marlys ta riga ta share bakin hanya da tsintsiya. Ko sawun taya babu.

Litinin, 30 ga Satumba, tara na safe

Na wanke sifanoni. Ba su yi datti ba.

Talata, 1 ga Oktoba

Sanyi. Ba abin rubutawa.

Alhamis, 3 ga Oktoba, huɗu na yamma

Mijin ya zo. Ya yi aski, ya sa riga mai guga. Ina tsugune ina tara fasassun tayil a baro ya tsaya a kaina ya cire hula.

"Sannu da aiki, Baba. Na zo ganin matata."

"Ba ta nan."

"Ina ta tafi? Magana kawai nake so mu yi."

"Ban sani ba."

"Haba, Baba. 'Yarka ce fa."

"Je shagon kofi ka tambaya. Ka ce a gaya maka abu ɗaya da Vern ya taɓa sani bai faɗa ba."

Ya daɗe yana kallon fuskata. Na bar shi ya kalla, ba komai a ciki. Ya dubi kwantacciyar ciyawar, ya dubi tagar kicin, inda Marlys take tsaye da waya a kunne ba ta ɓoye ba. Ya mayar da hula, ya ce a gaida gida.

Bayan ya tafi na ga guduma a hannuna. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Sai da Marlys ta fito ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Juma'a, 4 ga Oktoba, shida na yamma

Marlys tana feraye dankali, ta ba ni baya. Sai ta ce, kamar da tukunya take magana, "An yi ruwa jiya kamar da bakin ƙwarya."

Na leƙa taga. Ƙasarmu a bushe take tun makon jiya. Ashe Darla ta kira uwarta.

"Rufi bai zuba ba," in ji ta. "Ko ɗigo."

Na jawo kujera na zauna.

"Tayoyin fa?"

"An taɓa. Ɗumi kawai."

"To."

"To."

Talabijin tana kunne a falo. Na ji an gama labarai, mai hasashen yanayi ya fito. Daga inda nake ina hango shi, da taswirarsa ta ƙasar gaba ɗaya, ya ɗaga hannu zai nuna inda aka sha ruwa jiya, wato inda tirelar take. Rabon da in yi gudu irin wannan tun lambun fasto. Na ture kujera, na bugi gwiwa da tebur, na kashe.

Marlys ta ɗaga murya daga kicin.

"Me aka ce? Gobe za a yi sanyi?"

Na ce ban sani ba.